Ɗakin da Ban Shiga Ba

Ranar Laraba ce, a tsakiyar watan Agusta, ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, da ƙarfe goma da kwata na safe. Na riƙe lokacin daidai saboda aikin gidan rediyo ya riga ya koya mini in duba agogo kafin in duba komai. A cikin ɗakin akwai mahaifiyarku Rabi, da mahaifiyata wadda kuka taso kuna jin ana ce mata Inna, da ungozomar unguwarmu. Ni ina zaure a kan tabarma, ina kallon yayyafin da ya fara tun asuba, bai tsananta ba, bai kuma ɗauke ba. Daga nan na ji kukan. Siriri ne ƙwarai, kamar an ja zare ɗaya daga jikin tsohon zane. Sau biyu ta yi, sannan shiru. Haka Yayarku ta zo duniya, saura kusan wata biyu lokacinta ya yi.

Ina rubuta wannan babi ne saboda wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin dangi, na kuma san ta iso kunnuwanku: wai Inna ce ta kulle jaririya a ɗaki mai duhu, ta hana a kai ta asibiti, har ciwon ya taɓa mata ji. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, na san yadda aka yi, na kuma bar maganar ta tsufa ban gyara ta ba. Yanzu zan gyara.

Gidanmu na lokacin yana cikin sababbin matsugunan da aka yanka wa mutanen da ruwan Tiga ya ci garuruwansu, a ƙasar Bebeji. Ina saurayi aka tashe mu, saboda haka ban daɗe ba na saba. Inna ba ta taɓa sabawa ba. Har ta rasu, in ta ce gida, can ƙarƙashin ruwa take nufi. Takan zauna a bayan danga da yamma ta fuskanci dam, ta riƙa faɗa mini abin da ke ƙasa: ga rijiyar liman can, ga dandalin da ake sussuka, ga tsamiyar da aka binne mabiyiyar kowannenmu a gindinta. Idonta ya riga ya yi yana a lokacin, ko kwalekwalen masunta ba ta hangowa, amma tana nuna wuraren da yatsa kamar tana ganin su ta cikin ruwan. A daminar shekarar ruwa ya cika har ya taɓo gonakin shinkafa, sama da ƙasa suka koma launi ɗaya. In ka daɗe kana kallo sai ka rasa inda ruwa ya ƙare, inda gajimare ya fara. Duk abin da na tuna na makon nan, a cikin wannan farin hasken nake tuna shi.

Ni kuwa ina aiki a Kano, ina fassara labarai ina karantawa, kwana huɗu a birni, kwana uku a gida. Cikin Rabi na fari ne. An riga an tsayar da Juma'ar makon a matsayin ranar da za a kai ta goyon ciki gidan iyayenta a Dangora, har an ɗaure kayanta an jingine a bayan ƙofa. Naƙuda ta riga Juma'ar zuwa da kwana biyu.

Inna ta taɓa rainon bakwaini a tsohon garinmu, ɗan ƙanwarta, ya kuma rayu, don haka babu wanda ya yi mata gardama da ta karɓi ragamar ɗakin. Ta sa aka toshe taga da buhu, aka saki bargo a ƙofa. Ta ajiye kaskon garwashi a kusurwa, ba ya mutuwa. Ta shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a cikin wata babbar ƙwarya ta kwantar da yarinyar a ciki, ta hana a yi mata wanka, sai dai a goge ta da tsumma mai ɗumi a shafa mata man kaɗanya. Da yake bakinta bai iya kama nono sosai ba, Rabi ke tatsa a cokali, Inna na ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Masu zuwa barka a bakin ƙofa suke tsayawa su yi addu'a su juya. Hasken ɗakin duka fitilar ƙwai ce guda ɗaya, kun kuwa san haskenta: farin zane ma in ka shiga da shi rawaya yake komawa.

Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari a kafaɗa, ana yi muku hoto. Mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Uba ba ya ɗaukar sa, ba ya yi masa wasa, ba ya kiran sunansa, in an yi zancensa a gabansa sai ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba. Uwa ma haka, musamman a gaban surukarta: a miƙo mata ta shayar tana kallon bango, a karɓe. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin nauyi ba. Ado ne a wurina, ina ma alfahari da cewa boko da zaman birni ba su raba ni da shi ba. Abokaina na zaure suna ta tsokana ta, wai angon ƙarni ya ƙi ko leƙa amaryarsa, ni kuwa ina murmushi ina zuba musu shayi.

Saboda haka da kunne kaɗai na san ta. Na kuma yarda da kunnena fiye da kima. A wurin aiki ina iya gane mai gabatarwar da bai karya kumallo ba daga yadda yake jan numfashi, ina iya gane faifan da ya fara gajiya tun kafin injiniya ya lura. In na wuce ta tsakar gida zuwa alwala sai in rage sauri a daidai bargon nan, in saurara. Ranar Alhamis na ji kukanta sau huɗu. Ranar Juma'a da safe sau ɗaya. Bayan nan ban sake ji ba, sai motsin Inna, da ƙarar cokali a bakin kofi, da ɗigar ruwa daga indararo. Shirun ya yi mini daɗi. Na fassara shi da cewa ta samu natsuwa.

Da na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da Inna tsaye a bakin ɗakin, ta riƙe gefen bargon da hannu ɗaya. Ni ne ƙaraminta, da Auta take kira na.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Zo ka shiga ka dubo mini yarinyar nan."

Na yi 'yar dariya, na waiwaya wajen zaure.

"Ni kuma, Inna? Ga mutane can a zaune."

"Mutanen zaure ba su suka haife ta ba. Jiya in na ɗiga mata nono tana tsotsar bakin cokali. Yau sai ya gangaro ta gefe. Ni idona ba ya rarrabe komai a ɗakin nan, hannuna ne kawai ke gani. Kai ga ido, ga boko. Shiga."

"Tana kuka?"

"Ba ta kuka."

"Jikinta da zafi?"

"Babu zafi, babu sanyi. Barci kawai take yi."

"To ai alhamdu lillahi, Inna. Da akwai ciwo da ta yi kuka. Mai haƙuri ce, ke ta biyo."

Ta daɗe a tsaye tana fuskanta ta da idanun nan nata masu hazo. Tsakanina da ƙwaryar bai fi taku huɗu ba. Ina jin ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya yana fitowa ta gefen bargon.

"Allah ya sa," in ji ta. Ta saki bargon.

Rabi tana ciki, ta ji komai. Bayan shekaru ta gaya mini cewa ta buɗe baki za ta ce in shigo, kunyar Inna ta hana ta, sai ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Ku duba yadda muka kasance mu uku a kan yarinya ɗaya: wadda take son ta gani ba ta da ido, mu biyu masu ido kuma muna kawar da kai.

Ranar Asabar da sassafe na koma Kano, don ni ke da labaran ƙarshen mako. Ranar Lahadi da la'asar mai gabatar da shirin kiwon lafiya bai samu zuwa ba, aka miƙo mini takardarsa aka ce in karanta. A kan jarirai sababbin haihuwa ne. Na zauna a gaban makirfo, jar fitila ta kama, na fara. Takardar tana bayanin alamomin da in an gani ba a jira: jariri ya daina tsotso, ko ya cika barci har a kasa tashin sa ya sha nono, ko fatarsa da farin idonsa su yi rawaya. Ta ce a riƙa duba jariri a hasken rana, ba a hasken fitila ba. Ta ce bakwaini ya fi kowa shiga wannan haɗari, kuma shirunsa ba lafiya ba ne. Na karanta kowace kalma daidai, na tsaya inda ya kamata a tsaya, muryata ba ta girgiza ba. Ina jin kaina kamar wani ne daban ke magana a wani ɗaki mai nisa, ni kuma ina tsaye a tsakar gidanmu a gaban bargo. Da fitilar ta mutu na duba agogo: biyar saura minti biyu. Da na fita a lokacin da na samu motar Tiga ta ƙarshe. Amma akwai labaran ƙarfe shida, na ce da kaina babu wanda zai karɓe ni, na kuma ce Inna ta san aikinta. Na kwana a birni.

Na iso gida ranar Litinin wajen ƙarfe tara na safe. An samu sararin ruwa, rana ta fito fes, tsakar gida na ta tururi. Na tarar Goggo Sumaye ta riga ni shiga. Bafulatana ce daga rugar da ke bayan gonakinmu, ita ke kawo wa Inna nono tun zuwanmu wurin, sun zama ƙawaye masu zagin juna cikin wasa. Ta yi tafiya ne, sai ranar ta zo barka da curin man shanu a cikin ganye. Ina shigowa na ji muryarta a cikin ɗakin da aka hana kowa shiga.

"Wannan ɗaki ne ko rumbu? Ina baƙuwar take? Ba ni ita."

"Sumaye, iska," in ji Inna.

"Iskar ba ta kai duhun nan ba. Mu ko ɗan maraƙi a rana muke duba shi."

Ta ture bargon da kafaɗa ta fito da ita, ta tsuguna a bakin ƙofa inda rana ke sauka. Ta tsoma ƙaramin yatsanta a ruwan buta ta sa mata a baki, ta jira. Ta shafi kumatunta na dama, ta shafi na hagu. Ta ɗauki ludayi ta ƙwanƙwasa ƙwaryar nononta da ƙarfi a kusa da kan yarinyar. Ina tsaye can gefen rumbu, na juya rabin baya, ina kallo ta wutsiyar ido.

"Maraƙin da aka haifa yau," in ji ta, "in ka sa masa yatsa sai ya ja kamar zai tsinke shi. Wannan ba ta ja. An taɓa kunci ba ta juyo neman nono ba. An buga ƙwarya ba ta firgita ba." Ta ɗago kai. "Mai Rediyo, zo nan."

"Goggo, ai ni..."

"Kunyar taka kai ta zaure ka ajiye, in ka dawo ka ɗauka. Miƙo hannu."

Ta ɗora mini ita. Ba ta kai nauyin ƙaramin rediyon da nake ratayawa ba. Wannan ne ganina da ita na farko, a kwana na shida. Tun daga goshi har tafin ƙafa kamar an shafa mata garin ɗorawa. Goggo Sumaye ta ɗaga mata fatar ido da babban yatsa, farin idon ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Na sa yatsana a tafin hannunta. Yatsunta suka ɗan lanƙwaso, a hankali, kamar mai son ya tuna wani abu, sannan suka saki.

"Me kuka gani?" in ji Inna. Ta fito tana lalube. "Ku gaya mini me kuka gani."

"Shawara ce, Inna. Ta yi rawaya duk jikinta," na ce mata.

"Ku tafi," in ji Inna.

Ina so ku lura da wanda ya ce a tafi, da wanda ya ja baya. Ni ne na ja baya. Na ce saura kwana biyu suna, mutanen Dangora na tafe jibi, an sayi rago, an gaya wa wanzami. Na ce jariri bai taɓa fita daga gidan nan kafin suna ba, ga Rabi ko mako ba ta yi da fara wankan jego ba.

"Rago ba sai ya gan ta za a yanka shi ba," in ji Inna. "Wanka kuwa ruwa bai ƙare a duniya ba, ga shi can ya ci garinmu. Auta, nemo mota."

Goggo Sumaye ce ta zare yarinyar daga cikin audugar, ta sa Rabi ta kwantar da ita a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure su tare da zane, ta rufa musu mayafi. Ta ce haka makiyayi ke yi wa ɗan tunkiyar da aka haifa cikin ruwan sama, a cikin rigarsa yake sa shi. Na samu akori-kurar da ke kai kifi birni, aka ba Rabi gaba, ni na hau baya tsakanin kwanduna. Ban manta tafiyar nan ba, ko da yake ba ta zauna mini kamar abin da ya faru a farke ba. Dawa ta yi tsayi a hagu da dama, kore shar. Da muka zo Bagauda tafkin ya kwanta lumui, babu ko igiya ɗaya, gajimare na ciki, balbelu na tafiya a kansa kamar ba sa taɓa komai. Ta gilashin baya ina hango ƙeyar Rabi. Ta sunkuyar da kai cikin mayafin, ba ta ɗago ba har muka shiga gari. Daga baya na fahimci abin da take yi: kallon 'yarta take yi, karo na farko babu mai ganin ta.

A babban asibitin da muka je, wata dattijuwar nas ce ta karɓe mu, ana ce mata Sista Asabe. Ba ta yi gaggawa ba, ba ta kuma ɓata ko daƙiƙa ɗaya ba. Ta kwantar da ita a ƙarƙashin fitila mai ɗumi, ta ɗora ta a sikeli, kilo ɗaya da rabi da 'yar ɗoriya. Ta kafa ido a ƙirjinta tana duban agogon da ke maƙale a rigarta, tana ƙirga numfashi. Ta taɓa maɗigarta. Ta danna goshi da yatsa ta saki, ta danna ƙirji, ta danna tafin ƙafa, ko'ina rawaya ke biyo yatsan. Sannan ta yi abin da Goggo Sumaye ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar a makaranta ɗaya suka yi karatu: kunci, baki, tafin hannu. Ta ja yatsa a tafin ƙafarta ta ga ko 'yan yatsun za su baje. Daga ƙarshe ta tallafo kanta da kafaɗunta ta ɗan ɗaga, ta sake su su koma cikin tafinta kaɗan.

"Lafiyayyen jariri in an yi masa haka," in ji ta, "sai ya watsa hannuwa kamar zai faɗi, ya dawo da su kamar zai rungumi uwarsa, ya tsala kuka. Ko bakwaini yakan gwada. Kun ga ita."

Hannuwan sun ɗan motsa, shi ke nan.

"Wa ya kula da ɗuminta?"

"Mahaifiyata."

"Ta iya. Yawanci sanyi ke kashe mana su kafin su iso. Yaushe ta daina tsotso?"

Na ce, "Ranar Juma'a."

"Yau Litinin." Ta rubuta. Alƙalamin ya tsaya, ta ɗago ta dube ni. "Sake magana in ji."

"Na ce ranar Juma'a."

"Ba kai ne ka karanta shirin jiya da la'asar ba? Mun saurara a nan ɗakin."

"Ni ne."

Ta tambayi sunan yarinya, na ce ba a raɗa ba tukuna, ta rubuta jaririyar Rabi, ta ɗauke ta ta shige ciki.

A ranar likita ya ce shawarar ta hau ƙwarai, hasken fitila kaɗai ba zai isa ba, sai an canza mata jini. Aka yi. Bayan nan aka sa ta a kwalba, aka rufe mata ido da ƙyalle, aka kunna mata fitilu masu shuɗin haske, aka zura mata siririyar roba ta hanci ana ba ta nonon da Rabi ke tatsa. Ta taga nake kallon ta. A cikin shuɗin nan takan yi mini kama da wani abu da ke kwance can ƙasan dam, a tsohon garin Inna, ana jira ya taso. Wani lokaci takan manta ta yi numfashi, irin na bakwaini. Ƙirjin ya tsaya cik, sai nas ta ɗan ɗalli tafin ƙafarta, ta ja iska ta ci gaba. Na koyi ƙirga waɗannan tsayawar kamar yadda nake ƙirga daƙiƙun shiru kafin a buɗe labarai.

Ranar Laraba da asuba na koma gida aka yi suna babu jaririya, babu mai jego. Aka yanka rago, aka raɗa mata Hauwa'u, sunan Inna, shi ya sa kuka ji muna ce mata Uwani. Wanzami ya zo da zabirarsa, bai samu kan da zai aske ba, ya ci tuwo ya tafi. Matan Dangora suka shiga ɗakin suka tarar da taga a toshe, bargo a ƙofa, ƙwarya da auduga babu kowa a ciki, garwashi kuma yana ci, don Inna ta ƙi bari ya mutu, wai kada su dawo su tarar da ɗaki da sanyi. A nan maganar ta samo asali. Wata gwaggon Rabi ta faɗa a tsakar gida, da ƙarfin da kowa zai ji:

"Yo ina za a ga ciwo a wannan kogon? Tsohuwa ta kulle yarinya kwana shida. Ba don uban ɗan boko ne ya dawo ya ƙwace ta ba, da sai dai mu zo gaisuwa."

Inna tana zaune a kan turmi, ni ina tsaye a bakin zaure da ƙwaryar goro a hannu. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ko da yake na san ba ta gani na. Na jira ta yi magana. Ina tsammanin ita ma ta jira ni.

"Allah dai ya ba ta lafiya," in ji Inna.

Aka ce amin. Na ci gaba da raba goro.

Kwanansu ashirin da shida a asibiti. Ranar da za a sallame su Sista Asabe ta kira ni ciki, ta sake tallafo kan yarinyar ta saki. Hannuwan suka watsu, suka dawo, ta buɗe baki ta yi kuka mai ƙarfi har wata nas ta leƙo. Ta sa na ba ta yatsa, ta damƙe shi ta ƙi saki. Na ɗauka an gama.

Inna ce kuma ta fara lura, lokacin Uwani na da wata takwas. Ta saba in lokacin labarai ya yi ta ɗora ta a cinya ta kunna rediyo, ta ce mata ga babanki nan. Wata ranar Alhamis da na dawo ta ce da ni yarinyar ba ta juyowa wajen muryar. Sai dai ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin ta yi lamo, in na yi shiru ta ɗaga hannun, in na ci gaba ta mayar. Wannan karon ban tambayi komai ba, washegari muka tafi. Likitan kunne ya ce shawarar ta riga ta taɓa jijiyar ji tun kafin a canza jinin. Tana jin ƙara, amma kalmomi ba sa isa gare ta a rarrabe, kamar rediyon da ya tsaya tsakanin tasha biyu. Na tambaye shi, da an kawo ta ranar Juma'a fa? Ya ce ba zai rantse ba, amma kwana uku a irin wannan ciwo ba kaɗan ba ne.

Sauran kun san shi. Ta koyi karanta leɓe, ta yi makaranta, ta yi aure a Kiru, ɗinkinta har daga Tudun Wada ake kawo mata. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina karanta labarai bayan haihuwarta, ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. In na dawo gida sai ta zaunar da ni a gabanta ta ce in maimaita mata, tana kallon bakina.

Kafin in ba ku wannan babi, ita na fara kai wa. Ta karanta a bakin keken ɗinkinta, ta ninke takardun ta miƙo mini.

"Baba, ai na sani."

"Wa ya gaya miki?"

"Umma, Allah ya jiƙanta. Ranar da na haifi na fari. Ta ce in miƙa wa ubansa shi a bakin ƙofa, da rana, ko yana so ko ba ya so."

"Kin miƙa?"

"Har ya so ya gudu zaure. Na riƙe masa riga." Ta yi dariya, ta mayar da ƙafa kan keken. "Ka kai wa su Gwaggo na Dangora su ma su karanta. Ni ba ni ce ke buƙata ba."

Na kai musu. Wadda ta yi maganar ta riga ta rasu, 'ya'yanta na karanta wa.

Inna ta rasu shekara huɗu bayan haihuwar Uwani, a ƙarshen damina. An binne ta a tudun da ke fuskantar dam. Har ta koma ga Allah ba ta gaya wa kowa abin da ta ce da ni ranar Juma'ar nan ba.